Idan Yarinya Ta Ƙi Cin Abinci: Tambayoyi da Amsoshi Ga Iyalan Masu Fama da Anoreksiya

Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye da 'yan uwa suka fi maimaitawa idan aka ce musu ɗansu ko 'yarsu na fama da anoreksiya. An fara da na farko-farko, aka gangara zuwa abin da ke faruwa a gaban faranti. Yawancin amsoshin da "ita" aka yi su, don cutar ta fi kama 'yan mata, amma duk abin da aka faɗa ya shafi yara maza. Ba kuma za su tsaya a madadin likitan da ya ga yarinyar da idonsa ba.

Mece ce anoreksiya, kuma me ya raba ta da rashin sha'awar abinci da kowa ya sani?

Wanda zazzaɓi ya kwantar yakan ji abinci ya fita ransa, da ya ji sauƙi kuma da kansa zai nemi faranti. Mai anoreksiya ba haka take ba. Sau da yawa yunwar tana nan tana cin ta, amma tsoron ƙiba, ko tsoron abincin kansa, ya fi ƙarfin yunwar. Takan yi ta rage abin da take ci har nauyinta ya faɗi ƙasa da abin da ya dace da shekarunta da tsawonta, kuma in ta dubi madubi ba ta ganin ramar da kowa ke gani. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ke cinye jiki, ta fi farawa a shekarun balaga.

Ba sabuwa ba ce. A 1873 likitoci biyu, William Gull a Ingila da Charles Lasègue a Faransa, kowa ya bayyana ta a nasa ɓangaren, Gull ne kuma ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi har yau. Ba kuma cutar Turawa kaɗai ba ce. A Hong Kong wani likitan ƙwaƙwalwa, Sing Lee, ya bayyana marasa lafiya da suka rame matuƙa ba tare da sun ambaci tsoron ƙiba ba. Kukansu kumburin ciki ne ko rashin jin yunwa. Don haka kada ku ce tunda 'yarku ba ta taɓa cewa "na yi ƙiba" ba, ai ba wannan ke damunta ba.

Ta yaya za mu gane tun abin bai yi nisa ba?

Hali yakan riga jiki canzawa. Kullum "na ci a waje" ko "zan ci anjima". Ta daina cin mai maiƙo, sannan mai zaƙi, sannan mai nauyi, tana kiran wannan duka kula da lafiya. In ta zauna cin abinci sai ta yanyanka shi ƙanana-ƙanana, ta yi ta juya shi da cokali har ya huce, ta tura shi gefen faranti yadda zai yi kamar an ci. Abin mamaki, takan zama mai son girki, ta dafa wa kowa ta zuba musu da yawa, ita ko ɗanɗanawa ba za ta yi ba.

Daga baya jiki ya bi: jin sanyi lokacin da kowa ke gumi, jiri in ta miƙe, zubewar gashin kai, wani siririn gashi mai laushi da ke fitowa a baya da hannuwa, ɗaukewar al'ada. Manyan kaya da take sawa suna ɓoye ramar. Ga yaron da ke kan girma ma ba sai ya rage nauyi ba; in shekara ta zagayo nauyinsa na nan inda yake, wannan ma faɗuwa ce.

Mu ne muka jawo mata?

A'a. Wannan tambayar ita ke hana iyaye barci, kuma likitoci na da nasu kason laifin, domin sun daɗe suna ɗora wa iyali. Gull da kansa yana ganin dangi su ne mafi munin masu jinya, aka kuma shafe shekaru ana raba yarinya da iyayenta da sunan magani. Bincike bai goyi bayan wannan zargin ba. Nazarin tagwaye ya nuna gado na da kaso kusan 50 zuwa 60 cikin 100 na haɗarin kamuwa. A 2019 wani babban binciken ƙwayoyin gado kan mutum kusan 17,000 masu cutar ya gano wurare 8 a cikin ƙwayoyin gadon da ke da alaƙa da ita, ya kuma nuna tana da dangantaka da yadda jiki ke sarrafa abinci, ba da tunani kaɗai ba.

Yadda abin kan faru shi ne, yarinya mai wannan gadon, sau da yawa mai yawan damuwa ko mai son komai ya fita tsaf, ta rage nauyi saboda wani dalili: gori daga ƙawaye, wasanni, wata jinya, ko rage ci da ta fara da wasa. Wata yarinyar yunwa za ta maido ta kan faranti, ita kuwa sai ta maƙale. Mai yiwuwa an taɓa yin wata magana a gida da kuke nadama, ku daina ta, ku ba da haƙuri in ya kamata. Amma kada ku zauna binciken laifi, domin iyayen da ke ganin su suka jawo sukan kasa tsayawa da ƙarfi lokacin cin abinci, alhali nan ne aka fi buƙatarsu.

Ta ce lafiyarta ƙalau. Mu jira har ta yarda tana da matsala?

Kada ku jira. Rashin ganin ciwon yana cikin ciwon. Ƙwaƙwalwar da yunwa ta daɗe tana ci ba ta iya auna haɗarin da take ciki, don haka yarda takan biyo bayan cin abinci ne, ba ta riga shi. In kuka ce sai ta nemi taimako da bakinta, kuna iya shekara kuna jira, kuma wannan cuta ce da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: sakamakon magani ya fi kyau in an fara cikin shekaru 3 na farko.

Ku kuma san nauyin abin. Anoreksiya na cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike masu yawa ya gano masu ita na mutuwa kusan ninki 6 fiye da tsararsu, kuma 1 cikin 5 na waɗanda suka rasu kashe kansu suka yi. Da ciwon suga ne ya kama ta tana ƙin allura, ba za ku tsaya neman izininta ba.

Wa za mu fara gani, kuma me zai duba?

Likitan yara ko babban likita na gama-gari. Zai auna nauyi da tsawo, bugun zuciya da awon jini a kwance da a tsaye, zafin jiki, ya sa a yi gwajin jini da na zuciya. Zai kuma tabbatar ba wata cuta ce ke ramar da ita ba, kamar ciwon suga, tarin fuka, cutar maƙoƙo ko ciwon hanji. Ku tafi da duk wani tsohon awon nauyinta da kuke da shi, ku kuma nemi ganin likitan ku kaɗai na 'yan mintuna, don a gabanta za ta musanta rabin abin da za ku faɗa. In gwajin jini ya fito lafiya kada ku saki jiki. Jiki kan riƙe jininsa daidai har sai ya kusa gazawa.

Wace alama ce ke nufin a tafi asibiti yanzu-yanzu?

Suma, ciwon ƙirji ko bugun zuciya da ke tsalle-tsalle, ruɗewa, kasa tashi daga tsugune sai da dafa wani abu, sanyin jiki sosai, amai da jini, ƙin shan ruwa, ko ƙin cin komai kwana ɗaya zuwa biyu. Haka in nauyi na zubewa fiye da kilo 1 a mako, mako biyu a jere. Ku koyi ƙirga bugun zuciya a wuyan hannu: likitocin matasa a Amurka na ɗaukar ƙasa da 50 a minti da rana a matsayin dalilin kwantarwa, jagorar likitocin ƙwaƙwalwa na Birtaniya ta 2022 kuma ta sa ƙasa da 40 a sahun haɗari mafi girma. Kada wani ya ce muku ai zuciyar 'yar wasa ce shi ya sa take bugawa a hankali.

In ta yi maganar mutuwa, ko ta ce kun fi hutawa in ba ta, ko kuka ga yanka a jikinta, ku tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta dasa tunanin. Ku kulle magunguna da abubuwa masu kaifi, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta ga likita a ranar.

Ba 'yar da muka sani ba ce. Ta zama mai faɗa da ƙarya da ƙunci. Me ya same ta?

Yunwa ce. A 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, Ancel Keys ya yi gwaji da samari 36 lafiyayyu da suka ba da kansu. Aka rage musu abinci kusan rabi na tsawon mako 24, har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Mutanen da ba su da wata matsala a da suka koma masu saurin fushi da baƙin ciki, suka guji jama'a, ba su da hira sai ta abinci. Wasu suka shiga tara littattafan girki, wasu suka riƙa jan ɗan abincinsu na tsawon sa'o'i. Duk wanda ya zauna da mai anoreksiya zai gane wannan hoton. Yawancin abin da kuke gani a matsayin lalacewar hali, aikin yunwa ne, kuma yakan lafa in jiki ya samu abinci.

Shi ya sa masu magani ke koya wa iyaye su raba yarinyar da cutar. Wadda ta zage ku ta wurgar da kofi, cutar ce ke magana da bakinta. 'Yarku tana ciki a tsorace. Wannan ba ya nufin a bar duka ko ɓarna su wuce, yana nufin fushinku ya tafi inda ya dace.

Mene ne maganin da ake cewa iyali ke jagoranta?

Hanya ce da ta samo asali a Asibitin Maudsley na Landan. Binciken da Gerald Russell da abokan aikinsa suka buga a 1987 ya nuna cewa ga waɗanda cutar ta kama da ƙuruciya kuma ba ta kai shekara 3 ba, sa iyali cikin magani ya fi ganin marar lafiya ita kaɗai. Daga baya James Lock da Daniel Le Grange suka tsara ta daki-daki. A gwajin da suka buga a 2010 kan matasa 121, shekara guda bayan gama magani kashi 49 cikin 100 na waɗanda aka bi da su ta hanyar iyali sun warke sarai, a ɓangaren waɗanda mai magani ya riƙa gani su kaɗai kuwa kashi 23. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Birtaniya tun 2017 ta sa maganin iyali a gaba ga yara da matasa, zama 18 zuwa 20 cikin shekara.

Mataki uku ne. A na farko iyaye su karɓi ragamar abinci gaba ɗaya: su zaɓa, su dafa, su zuba, su zauna har a cinye. A na biyu, in nauyi ya kusa dawowa kuma rigima ta ragu, a riƙa maido mata da ragamar kaɗan-kaɗan. A na uku a koma ga harkokin ƙuruciya da cutar ta tsayar. Mai magani ba ya ciyar da ita, ku yake ƙarfafawa, don ku ne ke tare da ita sau 5 ko 6 a rana. Ku lura dai cewa 49 ba 100 ba ne. In ba ta yi aiki ba, ba gazawarku ba ce. Akwai wasu hanyoyin, har da ganin mai magani ita kaɗai da kwanciya asibiti.

A aikace, yaya zaman cin abinci yake kasancewa?

Abinci 3 da ƙarin ciye-ciye 2 ko 3 a tsakani, a lokutan da aka tsayar, kada a wuce sa'a 3 ba ta ci komai ba. Ku ne ke zubawa, ba ta shiga wurin girki, ba a tambayarta me take so ko nawa za ta iya. Wannan kamar mugunta ne, amma zaɓi azaba ne gare ta: duk lomar da ta zaɓa da kanta sai cutar ta hukunta ta a kai, wadda kuka sa ta ci kuwa tana da abin fakewa. Yawan abincin yakan ba iyaye mamaki. Jikin da ke gyara kansa na ƙona abinci da sauri, don haka ba abin mamaki ba ne ta buƙaci kalori (ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci) 3,000 ko fiye a rana. A gida ana neman ƙarin kusan rabin kilo a mako, kuma bincike ya nuna samun kusan kilo 2 cikin mako 4 na farko alama ce mai kyau.

Ga yadda zama ɗaya kan tafi. An ajiye faranti, uwa na dama, uba na hagu. Ta dube shi ta ce, "Mama, kun cika mai, so kuke ku mai da ni ƙatuwa." Uwar ba ta shiga gardamar mai ba, ta ce, "Abin da jikinki yake buƙata na zuba. Ɗauki cokalin, 'yata." Minti goma ba ta motsa ba, hawaye na ɗiga a gefen farantin, ƙafarta na karkarwa. Uban ya matso da kofin ruwa ya ce, "Na san da wuya. Muna nan, babu inda za mu. Fara da wannan gefen." Ta ɗauki loma ɗaya ta riƙe a kumatu. Ba wanda ya yi tafi, ba wanda ya ce madalla, uban ya ci gaba da ba ƙaninta labarin abin da ya gani a hanya, uwar ta ce a hankali, "Haɗiye, sai ta gaba." Hannunta ya sulale ƙasa da wani yanki, uwar ta miƙa nata hannun ba tare da faɗa ba, ta karɓa, ta ɗebo kwatankwacinsa ta mayar.

Abin da ke aiki ke nan: gajerun kalmomi, murya a kwance, maimaitawa ba gajiya. Dogon bayani kan amfanin abinci ɓata baki ne, cutar ta fi ku iya gardama. Ba a ɗura, ba a duka, ba a barazana. In ba ta cinye ba a maye gurbin abin da ya rage da abin sha mai gina jiki irin wanda likita ya amince da shi, in ƙin ya ɗore kuma a koma ga amsar da ta yi magana kan zuwa asibiti. Bayan an gama a zauna da ita kamar sa'a guda, da kallo ko wasa ko hira, domin a lokacin ne nadama ke taso mata.

Tana kukan cikinta ya cika yana ciwo. Dabara ce?

Yawanci gaskiya ne. Cikin da ya daɗe ba ya samun abinci yakan yi nawa wajen turawa gaba, sai kumburi da taurin bayan gida su biyo. Maganinsa ci gaba da ci. Yakan daidaita cikin makonni. Ku yarda da ciwon, ku ba ta abu mai ɗumi ta ɗora, amma kada ku rage farantin. Ciwo mai tsanani da amai ba tsayawa kuwa na likita ne.

Me zai hana mu fara da abinci mai yawa tun ranar farko?

In ta rame sosai, ko ta yi kwanaki kusan ba ta ci komai ba, akwai haɗari. Da abinci ya shiga, jiki kan janye sinadaran fosfet da fotasiyam da maganiziyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyinsa, faɗuwarsu kuma na iya taɓa zuciya da numfashi da ƙwaƙwalwa. Haɗarin ya fi yawa a mako biyu na farko. Shi ya sa likita ne zai ce ko a fara a gida ko a asibiti, da nawa za a fara, da yaushe za a maimaita gwajin jini. Kumburin ƙafa, haki, ruɗewa ko kasala mai tsanani a kwanakin nan na buƙatar asibiti nan take. Amma kada tsoron wannan ya sa ku yi wata da watanni kuna ba ta ɗan kaɗan. Ƙarancin ciyarwa ma haɗari ne.

Wace magana ce za mu guje wa?

Duk wata magana kan jikinta, har da yabo. "Kin murmure" ko "kin yi kyau yanzu", a kunnenta "kin yi ƙiba" ne, kuma kalma ɗaya daga bakin baƙo na iya rushe aikin mako guda. Ku ja kunnen dangi tun kafin su shigo. A daina hirar rage tumbi da tsokaci kan jikin wasu a gida, a ɗauke ma'aunin nauyi, a bar awo ga asibiti. "Dubi yadda kike wahalar da mahaifiyarki" da "akwai masu neman abin da kike zubarwa" laifi kawai suke ƙara mata, alhali da ma ya yi mata yawa. In ta yi ta tambaya ko ta yi ƙiba, amsa ɗaya ta isa: "Wannan tambayar cutar ce, ba zan amsa mata ba. Zo mu zauna."

Ni da mahaifinta mun kasa jituwa: yana ganin na cika tsanani, ina ganin ya cika sassauci.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan cuta gwana ce wajen neman tsaga. Za ta gane wa ke karaya da hawaye ta nufe shi. Ku yi sabaninku a ɗaki, ku fito da magana ɗaya. In ɗaya ya zuba abinci kada ɗayan ya rage. Farfesa Janet Treasure ta Landan ta kwatanta halayen masu jinya da dabbobi: akwai karkanda mai afkawa da faɗa da hujjoji, akwai kangaru mai sa ɗa a aljihu ta kare shi daga komai, akwai jimina mai kau da kai. Kowa yakan faɗa ɗaya daga ciki in ya gaji, kuma sau da yawa tsananin ɗaya ne ke ƙara sassaucin ɗayan. In uwa ko uba ɗaya ne ke riƙe da gidan, a samu wani babba da yarinyar ta yarda da shi ya riƙa karɓar wasu zaman.

Mun kama ta tana amai, ko tana motsa jiki a ɓoye da dare. Me za mu yi?

Ku gaya wa likita, domin amai da shan maganin wankin ciki suna zubar da fotasiyam, wannan kuma na iya rikita bugun zuciya. A gida, ta shiga banɗaki kafin cin abinci, bayan ci kuma a jira sa'ar da aka ambata a amsar zaman cin abinci. In tsalle-tsalle take yi a ɗaki, a bar ƙofa a buɗe, ko wani ya kwana tare da ita na ɗan lokaci. Wasu ko zama ba sa yi, a tsaye suke karatu. Kada ku mai da abin shari'a. Ku ce mata kun gani, kun san tilasta mata ake yi, za ku tsaya kusa har ya wuce.

Babu ƙwayar da za ta sha ta warke?

Babu maganin sha da ke warkar da anoreksiya. Magungunan ciwon damuwa ba sa yin wani tasiri sosai muddin nauyi na ƙasa. Wani lokaci likitan ƙwaƙwalwa kan ba da ɗan ƙaramin awo na olanzapine don rage firgici da maimaita tunani, yana iya taimakawa kaɗan wajen ƙarin nauyi, amma taimako ne kawai. Maganin buɗe ciki da ake saya ba da takardar likita ba bai da amfani a nan, tunda ba rashin yunwa ne matsalar ba.

Makaranta, wasanni da waya fa?

Wasanni su tsaya har likita ya ba da izini, a dawo da su a hankali. Makaranta na iya ci gaba in jikinta zai ɗauka kuma akwai babban da zai zauna da ita lokacin abincin rana. In babu, gara hutun makonni. Masu wannan cuta sukan zama haziƙai, sai iyaye su ji tsoron taɓa karatun. Jarrabawa ana maimaita ta, amma ƙarfin ƙashi a shekarun nan ake tara shi, kuma wanda aka rasa ba lallai ya dawo duka ba. Wayar kuma ku duba ta tare da ita: manhajar ƙirga kalori da ta ƙirga taku su fita, haka shafukan da ke tallata rama.

Yaya za mu yi da sauran yaran gidan?

Ku gaya musu gaskiya daidai hankalinsu: 'yar uwarsu ba ta da lafiya, ba laifin kowa ba ne, manya na kula da abin. Kada a mai da su 'yan sandan faranti. Aikinsu su ci gaba da zama 'yan uwanta, su ja ta wasa da hira bayan an ci. In rigima ta yi zafi su tashi da abincinsu. Ku ware wa kowannensu ɗan lokaci nasa, ku kuma sa ido, tunda akwai gado a ciki.

Namu yaro ne namiji. Wata kuma nauyinta bai yi ƙasa ba. Duk anoreksiya ce?

Tana iya zama. Yara maza kan fake da gina jiki da motsa jiki, shi ya sa ake makara kafin a gane su. Yarinyar da ta fara da jiki sannan ta zubar da kilo masu yawa cikin 'yan watanni kuwa, ko da awonta ya nuna daidai, zuciyarta na iya shiga haɗari irin na wadda ta rame ƙwarai. Ita ce ma aka fi yi wa barka da ramewa. Alamomin gaggawa da aka lissafa a sama sun shafe ta ba ragi.

Babu ƙwararre kan wannan cuta a kusa da mu. Shi ke nan?

A'a. Ku nemi likitan da zai yarda ya riƙa auna ta duk mako, nauyi da bugun zuciya da jini, ko da ba fanninsa ba ne, da likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam da zai yarda ya sa ku cikin maganin. Akwai masu yin maganin iyali ta bidiyo. Tambaya ɗaya za ta nuna muku ko mutum ya san aikin: mene ne shirinsa na maido da nauyi? In ya ce a bar maganar abinci sai an gano tushen damuwarta, ku nemi wani.

Mu kanmu mun gaji. Laifi ne?

Zama 6 a rana, kowanne da kuka, wata da watanni, ba ƙaramin aiki ba ne, kuma za a yi ranar da za ku ɗaga murya ko ku fashe da kuka. Ku ba ta haƙuri a taƙaice, ku dawo zama na gaba. Ku yi karɓa-karɓa, ku nemi hutu a wurin aiki in zai yiwu, ku sami mutum ɗaya ko biyu da za ku iya gaya wa gaskiya ba tare da sun yi ta ba ku shawara ba. In barci ya ƙaurace ko baƙin ciki ya zauna, ku ma ku ga likita.

Ana warkewa kuwa? Zai ɗauki tsawon wane lokaci?

Ana warkewa sarai, matasan da aka fara wa magani da wuri kuma su suka fi samun sa'a. Ku ƙirga da watanni zuwa shekaru, ba makonni ba. Ko waɗanda abin ya daɗe a jikinsu ba a cire rai: wani bincike a Boston ta Amurka da ya bi mata masu cutar ya gano kashi 31 cikin 100 sun warke bayan shekara 9, bayan shekara 22 kuwa adadin ya kai 63.

Nauyinta ya dawo. Mun gama ke nan?

Tukuna. Jiki kan riga tunani warkewa, wani lokaci da watanni masu yawa, kuma daf da isa nauyin da ake nema tsoro kan ƙaru, har iyaye su ji kamar su tsaya nan. Kada ku tsaya. Nauyin da ake nema ma ba lamba ce da ta kafe ba, yana hawa yayin da take girma. Kusan kashi ɗaya cikin uku kan koma ciki, galibi a shekarar farko, kuma lokutan canji sun fi haɗari: jarrabawa, tafiya karatu nesa da gida, ko wata jinya da ta rage mata kilo 2.

Kafin ku sassauta, ku zauna da ita ku rubuta alamominta na farko da abin da za a yi in sun dawo. Ku kuma duba abin da ma'auni ba ya nunawa: al'adarta ta dawo tana zuwa a kan kari? Tana cin abubuwan da ta fi tsoro ba tare da an yi ciniki ba? Tana iya ci a gaban ƙawaye, ko abincin da ba ta san yadda aka dafa shi ba? In aka makara da abincin rana, tana shigowa ta ce yunwa take ji?